Filin Wasanni: Pogacar da Vingegaard, Wa Ya Fi?

Jama'a, yau za mu ajiye ƙwallo mu leƙa tseren keke na ƙasashen Turai, inda samari biyu suka hana kowa sakat. Su ne Tadej Pogacar na ƙasar Sulobeniya da Jonas Vingegaard na Danmak.

Babban tseren da ake auna gwanaye da shi shi ne na zagaya ƙasar Faransa, watau Tour de France. Ana yinsa mako uku, zango 21, tafiyar fiye da kilomita 3,000, wanda ke gaba kuwa shi ke sanya riga mai ruwan ɗorawa. To, daga 2021 har zuwa 2025, shekara biyar a jere, waɗannan biyu ne suka riƙa ɗaukar na ɗaya da na biyu. Pogacar ya ci a 2021 da 2024 da 2025, ban da wanda ya fara ci a 2020 yana ɗan shekara 21. Vingegaard, wanda a dā ma'aikaci ne a masana'antar gyaran kifi, ya ci a 2022 da 2023.

Nasarar 2022 ita ce abin tsayawa a duba. Kowa ya ɗauka Pogacar ba ya kayuwa. Amma a zango na 11 sai Vingegaard da abokin ƙungiyarsa Primoz Roglic suka shiga kai masa farmaki bi da bi. In wannan ya zabura Pogacar ya bi shi, da ya kamo shi sai wancan ya zabura. Shi kuwa da zafin ƙuruciya bai ƙyale ko ɗaya ba. Ko da aka iso hawan dutsen Granon ƙarfinsa ya ƙare, Vingegaard ya ba shi ratar kusan minti uku. Lalle ran nan sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Shekaru biyun da suka biyo baya ba su raba gardama ba. A 2023 Pogacar ya karye a wuyan hannu cikin watan Afrilu, aka tsere masa da minti 7 da daƙiƙa 29. A 2024 kuma Vingegaard ne ya yi mummunar faɗuwa a ƙasar Sifen, har haƙarƙarinsa ya karye, huhunsa ya taɓu. Sai a 2025 suka gamu kowa lafiya lau, Pogacar ya ci da ratar fiye da minti huɗu.

A ganina wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa. Vingegaard gwanin dogon hawa ne mai haƙuri da lissafi, ya kuwa ci tseren zagaya Sifen a 2025. Amma Pogacar ba ya zaɓen fage. A 2024 ya haɗa tseren Italiya da na Faransa da kambin duniya, abin da Eddy Merckx a 1974 da Stephen Roche a 1987 kaɗai suka taɓa yi a cikin maza. A watan Satumba na 2025 ya sake cin kambin duniya a Kigali ta ƙasar Ruwanda, karo na farko da aka kawo gasar Afirka. Vingegaard bai je ba.

Duk da haka kada mai karatu ya manta, tun daga 2020 zuwa 2025 mutum ɗaya tak ne ya taɓa gama tseren Faransa a gaban Pogacar, har sau biyu kuwa.