Kafin ka sayar da babur ka tafi GITEX

Shekaranjiya da daddare wani ƙanena a wannan harka tamu ta kwamfuta ya turo min saƙo. Ya ce, "Yaya, ina so in je GITEX na Dubai bana, ko da babur ɗina zan sayar in cika kuɗin. Me ka gani?" Na fara rubuta masa amsa, sai na ga ta yi tsawo, kuma na san ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba. Duk shekara da zarar hotuna sun fara yawo, ka ga mutum ya rataya katin shiga a wuya yana tsaye kusa da mutum-mutumi yana murmushi, sai hankalin yara ya tashi. Shi ya sa na ce bari in kawo maganar nan. Wanda zai amfana ya amfana, wanda kuma ta taɓa shi ya yi haƙuri.

Ni dai sau ɗaya na je, a watan Oktoban 2024, kuma da kuɗin aljihuna. Ga waɗanda ba su sani ba, GITEX baje kolin fasaha ne da ake yi a Dubai tun 1981. A shekarar da na je, kwana biyar aka yi a Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke birnin, su kuma sababbin kamfanoni masu neman jari aka ware musu nasu wurin a bakin ruwa, a Dubai Harbour. Lokacin ba a daɗe da buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar biza ba, don sai a watan Yulin wannan shekarar aka dawo da bayarwa bayan kusan shekara biyu ana zaman doya da manja, jirgin Emirates ma a ranar 1 ga Oktoba ya dawo sauka Legas. A lokacin dala ta haura naira 1,600. Kuɗinsu dirhami a ɗaure yake da dala, wajen dirhami 3.67 a dala ɗaya, wato a lokacin duk dirhami guda da ka miƙa ka zubar da sama da naira 400. Ka sayi ruwan gora a cikin zauren taron, ka lissafa da naira, sai ka ji ƙishirwar ta tafi da kanta.

Ranar farko kallo na yi, ba zan ɓoye ba. Na sauka daga jirgin ƙasa, na bi ayari, na shiga zaure na fita na shiga wani, har ƙafata ta kumbura. Kowace rumfa an liƙa mata ƙirƙirarriyar basira, ko tana da alaƙa da ita ko ba ta da. Na tara takardun talla cike da jaka, na yi hotuna, na koma masauki a Deira ina jin kamar na yi wani abin kirki. Da na zauna na tambayi kaina me na samu yau da zai ƙara min kwastoma ɗaya a Kano, sai na rasa amsa.

Rana ta biyu ce ta koya min hankali. Abin da nake yi, kamar yadda wasunku suka sani, manhaja ce ta rubuta ciniki da bashi da lissafin kaya don 'yan kasuwa, yawancin masu amfani da ita suna Kantin Kwari da Singa. Na samu wani ɗan Indiya mai harkar zuba jari yana hutawa a kan kujera, na yi ta maza na gaishe shi na fara bayani. Bai bari na yi nisa ba. Tambaya uku ya yi min: me kake sayarwa, mutum nawa ke biyan ka duk wata, me kake so daga gare ni? Ta farko na amsa da ƙyar, don na ɗauko ta ne daga tarihin kasuwancin Kano. Ta biyu na yi ta kame-kame, saboda masu amfani da manhajar suna da yawa amma masu biya kaɗan ne. Ta uku kuwa wallahi ban taɓa tunaninta ba. Ya ba ni kati cikin mutunci ya tashi. Minti uku ba su cika ba.

Daga baya na gane cewa masu kuɗin nan tun makonni kafin taro suke cike jadawalinsu ta manhajar taron. Wanda ya zo yana fatan ya ci karo da su a hanya, sai dai ya ci karo da bayansu. Manyan maganganu ma ba a zauren ake yin su ba, a wurin cin abincin dare ake yi, inda sai da gayyata. Ganin Dala ba shiga birni ba ne, jama'a.

Amma ba zan ce tafiyar ta tashi a banza ba, kuma nan ne nake so ƙanen nan nawa ya saurara da kyau. Akwai matsala ɗaya da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya: 'yar firintar rasit da muke haɗa wa 'yan kasuwa da waya. Tsada gare ta, don ta hannun dillalai take zuwa mana, kuma batirinta ba ya kai yamma. A rana ta uku na bar manyan rumfuna masu fitilu, na nufi can baya inda ƙananan masana'antun China suke jere, kowa da ɗan teburinsa. Nan na samu wata mata daga Shenzhen da irin wannan firintar. Na ciro wayata, muka haɗa, na buga rasit da manhajata a gabanta, na tambayi batiri, na tambayi zafi da ƙura, na tambayi mafi ƙarancin adadin da za su yarda su sayar min. Kusan awa guda muka yi, rabi da Turanci rabi da kalkuleta. Har yau da su nake hulɗa. Wani zai ce ai a intanet ma za ka same su. Haka ne, amma da na riƙe abin a hannuna na gwada, sai na iya yanke shawarar da na yi shekara ina jan ƙafa a kanta.

Ka lura, abin da na je da tambayarsa shi kaɗai na dawo da amsarsa. Kwana biyar, awa ɗaya ce ta biya kuɗin jirgi, ita ma ba duka ba.

Mutanenmu suna son cewa tafiya mabuɗin ilimi, kuma gani ya kori ji. Ban musa ba. Amma a duba yadda kakanninmu suka yi tafiyar. Fataken da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja, watanni suke yi a hanya da jakuna, suna ɗauke da kanwa da fatu da tufafin rini, su dawo da goro. Babu falken da ya taɓa ɗaura wa jaki mangala don ya je ya kalli kasuwar Salaga ya dawo ya ba da labarin girmanta. Ko a yau ɗin nan, Alhazan da na tarar a Deira suna sarin atamfa da turare da gwal sun fi mu 'yan boko sanin abin da ya kai su. Mutum ya san kayan da zai saya, ya san farashinsu a gida, ya san ribarsa tun kafin ya hau jirgi. Mu ne muke zuwa da kwat da kati a wuya ba mu san me muka je saye ko sayarwa ba.

Wani abin da ya tsaya min a rai shi ne, kusan duk abin da ake baje kolinsa a can an gina shi ne a kan cewa wuta ba ta ɗaukewa kuma sabis ba ya yankewa. Mu kuwa mun ga ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar banki ta rikice. Mun ga yadda aka rufe layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumban 2021, mutane suka koma sai sun yi tafiya zuwa wata jiha kafin su kira 'yan uwansu. A wata rumfa na gwada wata na'ura da aka ce tana jin harsuna da dama, na yi mata Hausa, ta mayar min da wani abu da ko ni ko mai rumfar ba mu gane ba. Muka yi dariya tare. To wa zai gina abin da zai yi aiki ba sabis, da Hausa, a wayar dubu talatin? Ba su ba ne, ba matsalarsu ba ce. Kuma wanda zai gina shi ya fi buƙatar wata shida a gaban kwamfutarsa da cikin kasuwa fiye da kwana biyar a Dubai.

Yanzu bari in taɓo inda za a ji haushina. Duk abin da na faɗa a sama, mutum da kuɗinsa ne, in ya ga dama ya ƙona. Wanda ya je da kuɗin jama'a fa? Na ga wata tawaga daga wata hukuma, ba zan kama suna ba, sun iso wajen ƙarfe goma sha ɗaya, aka jeru aka yi hoto, aka zagaya zaure ɗaya, kafin La'asar na sake ganin su a kasuwa da ledoji. Washegari ban ƙara ganin su ba. An biya jirgi, an biya otal, an biya kuɗin guzuri da dala. Wannan cuta ba a taron fasaha kaɗai take ba. Kowa ya tuna taron sauyin yanayi na COP28, a Dubai ɗin nan dai, a ƙarshen 2023, da aka ga sunaye 1,411 a ƙarƙashin Najeriya, gwamnati ta fito ta ce ita mutum 422 kawai ta ɗauki nauyi. Kawai fa. Surutu ya yi yawa har daga watan Afrilun 2024 aka dakatar da tafiye-tafiyen jami'ai da kuɗin gwamnati na wata uku. Wata ukun ya wuce, jirage suka ci gaba da tashi.

Ba na cewa kada gwamnati ta je. Hukumar NITDA ta daɗe tana kai matasa masu sababbin kamfanoni rumfar Najeriya a wannan taro, kuma a ganina wannan ne amfani mafi kyau da za a yi da kuɗin, don yaron da ke da abin nunawa amma ba shi da kuɗin rumfa shi ya cancanci a ɗauka. Abin da nake nema daga kowace hukuma da kowace jiha mai tura mutane abu ne mai sauƙi. A faɗa mana su wa suka je da yadda aka zaɓe su. Yarjejeniyoyin da ake sa wa hannu ana ɗaukar hoto, a dawo bayan shekara a ce mana ga abin da ta haifa, ko a ce ba ta haifi komai ba, ai ba laifi ba ne. Sannan duk wanda ya je da kuɗinmu ya dawo ya tara mutane, a jami'a ko a kwalejin kimiyya ko a kasuwa, ya zauna awa biyu ya yi bayanin abin da ya gani, da Hausa, a yi masa tambayoyi. A al'adarmu matafiyi da tsaraba yake dawowa. Hoto a Facebook da "Alhamdulillah, an yi taro lafiya" ba tsaraba ba ce.

Kuma in da ni ke rabon kujerun, da daga cikin goma zan ba masu gyaran waya na Farm Centre biyu. Ina nufin hakan, ba wasa nake ba. Mutumin da ke buɗe waya ashirin a rana, ya san abin da ke saurin lalacewa, ya san kayan gyaran da ke wahalar samu, in ka ajiye shi a layin masana'antun nan na baya zai dawo da abin da zai amfani kasuwa guda. Malamin da ke koyar da kwamfuta da manhajar karatu ta shekara goma baya, shi ma ya fi darakta buƙatar ya ga inda duniya ta kai.

Abin da na ce wa ƙanen nawa a ƙarshe shi ne kada ya sayar da babur ɗin. Da shi yake zagaya kwastomominsa, in ya sayar ya dawo daga Dubai da ƙafa zai bi su. Na ce ya fara da na kusa. Akwai DevFest da matasa ke shiryawa a garuruwanmu, kuɗin mota ne kawai. Shi kansa GITEX ɗin ya zo gida, an yi shi a Abuja da Legas a watan Satumban 2025, ga kuma na Afirka da ake yi a Marrakesh ta Maroko tun 2023, da LEAP na Riyadh tun 2022 ga mai son ya haɗa da Umara in takardunsa sun ba shi dama. Ya je ɗaya daga cikin na gida ya gwada bakinsa, ya ga ko zai iya bayanin abin da yake yi a minti ɗaya ba tare da ya fara da "a gaskiya" sau uku ba. Ranar da ya iya faɗin adadin masu biyan sa ba tare da ya sunkuyar da kai ba, kuma ya rubuta sunayen mutum biyar da suka yarda za su gan shi a can da rana da lokaci, ni da kaina zan taimaka masa da wani abu a kuɗin jirgi.

Ya turo min alamar dariya, ya ce, "Yaya, ka kashe min jiki." Na ce ya zo shago ranar Asabar bayan La'asar in nuna masa firintar, in kuma yi masa tambayoyin nan uku da ɗan Indiyan ya yi min. Duk wanda ke da irin wannan niyya a cikinku shi ma ya zo, akwai benci. Waɗanda kuma suka taɓa zuwa irin wannan taro, da kuɗinsu ko da namu, don Allah ku rubuta a ƙasa abu ɗaya da kuka dawo da shi wanda har yau yake aiki.