Gida Mai Tafkin Wanka: Ki Dubi Shinge Kafin Ki Dubi Falo

A dogon hutun da ya wuce na je Legas wajen wata 'yar kawuna wadda aka mai da maigidanta can da aiki. Na iske su suna neman gidan haya a wajen Lekki da Ajah, watau sababbin unguwannin nan da ke shimfiɗe a bakin teku, gabas da Victoria Island. Rannan dillali ya kai mu wani gida mai kyau, ga iskar teku, a bayansa kuma ga tafkin wanka an daɓe shi da shuɗin tayil, ruwa garai-garai. 'Yar'uwata ta ce ita dai ta ga gida. Ni kuwa idona yana kan ɗanta mai shekara 2, wanda ya saki zanenta ya nufi bakin ruwan nan da gudu, sai da na cafko shi ta wuyan riga. Daga ƙofar kicin zuwa bakin ruwa bai fi taku 10 ba, kuma babu shinge, babu ƙyaure.

Abin da na faɗa mata ran nan shi zan faɗa muku yau. Matar da ke da ƙananan yara kada ta yarda a kama mata gida mai tafkin wanka sai an kewaye tafkin da shinge. Dukanmu mun tashi mun ga yadda iyayenmu ke yi da rijiyar tsakar gida: a ɗaga bakinta, a yi mata murfi, a ɗora dutse a kai, kuma duk yaron da ya leƙa sai ya sha faɗa. To, tafkin wanka rijiya ce mai faɗin falo, wadda aka bari a buɗe, aka kuma ƙawata ta yadda za ta ja hankalin yaro.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na shekarar 2024 cewa mutane wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya cikin shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, yaro idan ya faɗa ruwa ba ya ihu, domin bakinsa yana ƙarƙashin ruwa. Kina kicin kina tuƙa tuwo ba za ki ji kome ba, alhali kuwa 'yan mintoci kaɗan ba numfashi sun isa su lalata ƙwaƙwalwa. Kada kuma ki ce ai akwai masu aiki. A ƙarshen watan Oktoba na 2022 ɗan wani fitaccen mawaƙi, yaro mai shekara 3, ya rasu a tafkin gidansu a Legas, gidan da ba a rasa masu aiki ba. Kowa yakan zaci wani ne ke duba yaro, ashe babu mai dubawa.

Ƙasashen da suka daɗe da irin waɗannan gidaje ba su bar abin ga kulawar uwa kaɗai ba. Faransa ta yi doka a shekarar 2003 wadda ta tilasta wa mai tafkin wanka a gida ya sa masa abin kariya, ko shinge, ko murfi, ko na'urar da ke yin ƙara idan wani abu ya faɗa ruwa. A Ostireliya shingen sai ya kai tsawon mita 1.2, da ƙyauren da ke rufe kansa. Idan waɗanda 'ya'yansu ke koyon iyo tun suna ƙanana suna yin haka, ina ga mu da yawancinmu ba mu iya ruwa ba? Uwar da ba ta iya iyo ba, ko a gabanta yaro ya faɗa wuri mai zurfi, me za ta yi?

Sa'an nan ga maganar kuɗi. Tafki ba randa ba ce da za a cika a manta. Yana da famfon da ke tace ruwa, wanda sai ya yi aiki sa'o'i da dama kowace rana, idan kuwa an ɗauke wuta sai a ta da janareta. Yana bukatar maganin kulorin da mai zuwa sharewa. Aka yi sakaci da shi na 'yan kwanaki sai ya koma kore, sauro ya sami gidan haihuwa. Unguwannin nan kuwa a kwari suke. A watan Yuli na 2017 ambaliya ta shiga gidaje a Lekki da Victoria Island, kuma ruwan kwata ba ya tsallake tafki don yana da kyau. Saboda haka ki sa maigida ya tambaya tun kafin ya biya: famfo idan ya lalace wa zai gyara, mai haya ko mai gidan? A rubuta amsar a takardar yarjejeniya. Ki kuma ɗaga kai ki dubi benayen maƙwabta, domin idan ana hango tafkin daga tagoginsu, ke da 'yammatanki ba za ku taɓa shiga ba, kun biya kuɗin abin da ba za ku mora ba ke nan.

Ban ce iyo abu ne mara kyau ba. Motsa jiki ne mai amfani, kuma iya ruwa fid da kai. Idan Allah ya hore, aka sami gidan da tafkinsa ke da shinge ta kowane ɓangare, da ƙyaure mai sakata can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, to madalla. Amma ki nemi mace ta koya muku iyo ke da yara, ki kuma koyi taimakon gaggawa, irin wanda ƙungiyar Red Cross ke koyarwa.

Ku kuma 'yammatanmu 'yan makaranta, na san ku ake bar wa renon ƙanne. Idan kina gidan da ke da ruwa, ko tafki, ko rijiya, ko baho cike, kada ki ɗauke ido daga kan yaro don littafi ko waya. In an kira ki, ki ɗauke shi ku tafi tare.

'Yar'uwata ta faɗa wa maigidanta cikin ladabi cewa ita ce mai wuni a gida da yara, don haka a roƙi mai gidan ya sa shinge. Mai gidan ya ce shinge zai ɓata masa kyan wuri. Sai suka haƙura suka kama wani gida mara tafki a Ajah, ga shi kuwa ya fi araha. Rigakafi ya fi magani. Allah ya raya mana zuriya, ya kiyashe mu da aikin da-na-sani, amin.