Sauke motar gudu: gajeren resor ko amortisa mai noti?

A cikin motocin da ke zo mana daga Turai, waɗanda muka laƙaba wa suna "au revoir la France", akan samu jefi-jefi motar gudu mai ƙofa biyu, cikinta kamar ya taɓa ƙasa. Wasu haka suka baro hannun masu su na fari, wasu kuwa sai sun iso nan ɗan alhaji ke neman a sauke masa su. Hanyoyin yin wannan aiki guda biyu ne. Ko dai a cire resor na asali, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira sifirin, a sa gajere a madadinsa, ko kuma a sauya ƙafar gaba ɗaya da abin da Faransawa ke kira "combiné fileté", wato amortisa da resor a haɗe, da noti a jiki wanda ake murɗawa don ɗaga mota ko sauke ta. Mu kira shi amortisa mai noti. Tazarar kuɗi tsakanin biyun tana da yawa, saboda haka ya dace a san abin da ake saye.

Da farko mu raba aiki. Resor shi ke ɗauke da nauyin mota. Amortisa ba ya ɗaukar kaya, aikinsa shi ne ya hana resor ci gaba da tsalle bayan taya ta hau tudu ko ta faɗa rami. Yana yin haka ne da mai da ke cikinsa, wanda ake tilasta wa bi ta ƙananan kafofi, sai ƙarfin tsallen ya koma zafi. Injiniyoyin kamfani kan auna waɗannan kafofi daidai da ƙarfin resor ɗin da suka zaɓa. Duk wanda ya sauya ɗaya ya bar ɗaya, ya raba abokan aikin da aka auna tare.

Mu ɗauki misali da Toyota GT86, wadda ta fito a 2012 tare da tagwaniyarta Subaru BRZ: injin lita 2, ƙarfin doki 200, tayoyin baya ke ja. Tsakanin cikinta da ƙasa kimanin milimita 130 ne, alhali Hilux ta haura milimita 200. Gajeren resor irin na kamfanonin Jamus, Eibach ko H&R, yakan sauke mota da milimita 25 zuwa 40. In aka cire 40 daga 130 saura 90, wato santimita 9, wanda shi ne mafi ƙarancin tsayin da dokar Japan ta yarda mota ta hau titi da shi. To, a dubi titunan Japan, a kuma dubi namu.

Mene ne ribar saukewa? Nauyin mota yana matsowa kusa da ƙasa, ta rage karkata a kwana, sitiyari ya ƙara jin magana. Amma da yake resor ya gajarta, dole ya ƙara tauri, in ba haka ba mota za ta riƙa dukan ƙasa. Lissafin mai sauƙi ne. Resor da ke lotsawa da milimita 1 a kowane kilo 3, in aka aza masa kilo 300 zai lotsa da milimita 100. Wanda ke buƙatar kilo 6 kafin ya lotsa da milimita 1, da milimita 50 kawai zai lotsa. Wannan taurin shi direba zai ji a ƙugunsa daga Yamai har Dosso.

Kyawun gajeren resor shi ne sauƙin kuɗi da sauƙin sha'ani. A Turai ana samun huɗu masu kyau a kan yuro 200 zuwa 400, wato wajen jika 130 zuwa 260 na sefa, ban da kuɗin jirgi da na duwan. In an ɗaura an gama, babu abin murɗawa, babu abin da yaron garaji zai ɓata. Aibinsa kuwa a ɓoye yake. Amortisa na asali zai koma yin aiki a wurin da ba nasa ba, sandarsa ta nutse fiye da ƙima, kusa da robar da ke tare ta a ƙarshen tafiya. Ga shi kuma ba a auna shi don ya riƙe resor mai tauri ba. Sai mota ta riƙa rawa bayan kowane tudu, amortisa ya gaji da wuri, musamman in dama ya ci dubban kilomita kafin ya iso mu. Taya mai tsalle kuwa ba ta riƙe da hanya, kuma birki ba ya kama tayar da ke sama. Shi ya sa kamfanoni ke yin amortisa na musamman don gajeren resor, kamar Bilstein B8, ko kuma su sayar da su a haɗe, kamar Bilstein B12 mai zuwa da resor na Eibach.

Amortisa mai noti ya warware wannan matsala tun daga ma'aikata, domin resor da amortisa tare aka auna su. Bayan haka mai mota na iya zaɓen tsayin da yake so a kowace ƙafa. Wasu ma suna da maɓallin ƙara tauri ko rage shi. A wajen kamfanin KW na Jamus, alal misali, samfurin V1 tsayi kawai ake gyarawa, V2 ana gyara yadda amortisa ke sakewa, V3 kuwa ana gyara matsewa daban, sakewa daban. Masu tsere kan aza motar a kan sikeli huɗu, ɗaya ƙarƙashin kowace taya, su murɗa noti har nauyi ya daidaita, don motar ta sha kwanar dama kamar yadda take shan ta hagu. Kuɗinsa kuwa, in na kamfanin kirki ne, daga yuro 1.000 yake tashi, wasu su wuce 2.000, wato fiye da miliyan 1 da jika 300 na sefa.

A nan ne mai saye ya kamata ya tambayi kansa gaskiya. Noti da maɓalli ba su da amfani sai ga wanda ya san abin da zai murɗa da dalilin murɗawar. Ba kowane garaji ke da sikeli huɗu ba, kuma in aka saita tsayi da ido, ƙafa ɗaya za ta ɗauki nauyin da ba nata ba. Sannan zaren notin a fili yake. A Turai gishirin da ake zubawa kan titi lokacin sanyi ke cinye shi, har KW ta koma yin nata da ƙarfen da ba ya tsatsa. A nan ƙurar hunturu, yashi da jar ƙasar damina ne za su cika shi, in ba a wankewa ana shafa masa mai, wata rana notin ya kafe. In kuma ya fara ɗigar da mai, gyaransa sai wurin da ke da kayan aikinsa da iskar gas ɗin da ake ɗura masa. Game da masu arha da ake tallatawa a intanet a kan kuɗin da bai kai na resor huɗu ba, Bahaushe ya riga ya ce araha ba ta ado. Gara resor mai kyau da amortisa da ya dace da shi, da mai noti maras asali.

Akwai kuma abin da ya shafi hanyoyin biyu baki ɗaya. Duk motar da aka sauke, tsayuwar tayoyinta ta canza: kansu yakan karkata ciki, sai gefen ciki na taya ya riga sauran cinyewa. Don haka paralelizim wajibi ne bayan aiki, kuma a sa shi cikin lissafi tun farko. Saukewa fiye da ƙima kuma tana juya riba ta koma hasara. A motoci masu ƙafar gaba irin ta MacPherson, kamar GT86, in aka wuce iyaka sai tiriyangil na ƙasa ya karkace, motar ta ƙara son kwantawa a kwana maimakon ta rage. Ba banza ba a Jamus irin wannan sauyi sai da takardar amincewa, kuma galibi sai masu duba motoci irin su TÜV sun gani an ɗaura daidai. Wanda zai sayi motar da aka riga aka sauke a can, ya nemi a nuna masa takardar, ya kuma tambaya ko kayan asali na nan.

Mu tuna da Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson, ta sake ci a 1978 a hannun Jean-Pierre Nicolas. Ba da jan ciki ta ci ba. Ƙafafunta suna da doguwar tafiya, tayoyinta suna manne da ƙasa a inda hanya ta lalace. Motar tsere ana sauke ta ne inda fili yake sumul, a ɗaga ta inda yake da gargada.

Shawarar wannan fili ita ce a fara da auna hanya. A ɗauki mita a auna tudun rage gudu mafi tsayi da ke tsakanin gida da wurin aiki, irin wanda Faransawa ke kira jandarma a kwance, da bakin ƙofar gidan kansa, a kwatanta da abin da zai rage tsakanin ƙasa da kartar mai ko salansa. Wanda motarsa ba ta barin gudiron cikin gari, kuma kyan tsayuwa yake nema, gajeren resor na milimita 25 zuwa 30 tare da sabon amortisa da aka yi dominsa ya ishe shi. Wanda ke kai motarsa filin tsere, yana kuma da makanike mai kayan awo, shi ne mai noti zai biya wa kuɗinsa. Wanda kuwa ke bin hanya mai lamba 1 zuwa Ƙonni, Maraɗi ko Damagaram, ya bar tsayin da kamfani ya auna, ya zuba kuɗin a sabon amortisa da tayoyi huɗu masu kyau.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.