Garahuni da mikin mai ciwon sukari

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na ƙasar Dakoro, babu wanda bai san garahuni ba. Da damina ta sauka sai ya hau darni da shinge, ganyensa da ɗaci, ƴaƴansa su yi ja in sun nuna. Iyayenmu mata suna dafa shi su ci, suna kuma sa shi cikin kunun mai jego. Ba ni da ja da wannan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da ake yi a kasuwa da bakin rijiya, wai mai ciwon sukari in ya ji ciwo a ƙafa, ya daka garahuni ya ɗaure, ba sai ya je likita ba. Hujjar da ake bayarwa ita ce ɗaci ke kashe zaƙi.

Maganar tana da tushe, gaskiya ce a faɗe ta. Garahuni yana da ɗan'uwa da ake nomawa a Indiya da Sin da Tailan, mai ƴaƴa dogaye masu ƙuraje, ana miya da shi. Masana sun tatsi ruwansa sun shafa wa ɓeraye masu sukari, sun ga mikinsu ya rufe da sauri fiye da na waɗanda ba a shafa wa ba. A shekarar 2011, a Tailan, an ba masu ciwon sukari garinsa na tsawon sati 4. Sukarinsu ya sauka kaɗan, amma bai kai yadda ƙwayar metformin ke saukar da shi ba. A 2012 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken magani, ta duba gwaji 4 da aka yi ga mutane, ta ce hujjar ba ta isa a ce magani ne ba.

To, ku duba bambancin. Ɓeran nan yana cikin keji mai tsabta. Da wuƙa dafaffa aka yanke shi, an auna ruwan da aka shafa masa. Mu kuwa a turmin da aka daka tanka za mu daka ganye, mu ɗaure da tsumma, mu koma gona muna taka rairayi da kashin dabbobi. Kuma ba ma irin garahunin namu aka gwada ba.

Mikin mai sukari ba kamar na sauran mutane ba ne. In sukari ya daɗe da yawa cikin jini, yana kashe jijiyoyin da ke sa mutum ya ji zafi. Ƙaya ta soke shi, ko kututturen karan hatsi, ko rairayin bazara ya ƙona masa tafin ƙafa, ko garwashin da yake jin ɗumi da shi lokacin ɗari, shi bai sani ba. Yana kuma matse hanyoyin jini, sai jinin da ke kai abinci ga miki ya ragu, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama. Sama ana ganin ɗan rami kamar ƙwayar wake, ƙasa kuwa ruɓa tana tafiya har ƙashi. Ganyen da aka manna ya rufe bakin, kowa ya ce ana samun sauƙi. Ranar da wari ya tashi, yatsa ya yi baƙi, sai a nemi mota zuwa Maradi, can kuma sau da yawa maganar yanke ƙafa ake yi. Manomi mai ƙafa ɗaya, wa zai yi masa noman bana?

Wanda ya taɓa zuwa Danja, kusa da Maradi, inda ake jiyyar kuturta, ya san darasin nan. Kuturu ma ba ya jin ƙafarsa. Abin da ake koya masa shi ne ya duba ta kullum, ya sa takalmi, in miki ya fito ya daina taka shi. Mai sukari ma haka ne. Kowane maraice ya wanke ƙafa da sabulu, ya tsane tsakanin yatsu, ya duba tafin. In idonsa ba ya gani sosai, ɗansa ya duba masa. Ya zazzage takalmi kafin ya sa. Kada ya yanke ƙaushi ko kanta da reza. In ya ga rauni, kome ƙanƙantarsa, ya wanke da ruwan da aka tafasa ya huce, ya rufe da ƙyalle mai tsabta, ya kama hanyar likita ranar nan. Can za a share mataccen nama, a auna sukari, a duba ko yana bukatar allurar tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki ya kulle haƙora.

Shan ruwan garahuni ma yana son hankali. Mai shan ƙwayar sukari ko mai allurar insulin, in ya haɗa da jiƙo mai ƙarfi, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙwarai, ya yi gumi da makyarkyata har ya suma. Mai ciki ta nisance shi, kuma kada a ɗura wa yara.

Na san abin da wani zai ce mini: daga ƙauyukan kwarin Tarka ko bayan Kornaka zuwa asibitin Dakoro akwai tafiya, akwai kuɗin mota, ga aikin gona ba ya jira. Haka ne. Garahuni kuwa ga shi a bakin darni, kyauta. Shi ya sa nake roƙon hukumar lafiya ta tabbatar kowace likitar ƙauye tana da na'urar auna sukari da kayan wanke miki, kada a bar talaka da ganye kaɗai. Masu maganin gargajiya kuma, da yawansu mutanen kirki ne, su riƙa tambaya kafin su ɗaura magani: kana yawan fitsari da dare? Kana yawan ƙishirwa? Kana rama? In amsar e ce, su sauke turmi su tura shi a auna jininsa.