KIƊAN DJ A KATSINA: WA YA RIGA MU ZUWA WAJEN SAMARINMU?

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya ratsa Ƙofar Ƙaura ko Sabuwar Unguwa a daren biki ya san abin da nake nufi: an tare hanya, an girke manyan sifiku, janareta na ruri, samari da 'yan mata sun cakuɗe, har a kira sallar Isha'i ba wanda ya ji. Mun sha yin wa'azi a kan wannan, amma kaɗan ne daga cikinmu suka binciki asalin abin.

Ɗaya daga cikin manyan tushensa shi ne unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka. Ranar 11 ga Agusta, 1973, wani saurayi haifaffen Jamaika da ake kira Kool Herc ya yi kiɗa a wani taron rawa, ya kuma shahara da ɗora faifai biyu iri ɗaya yana maimaita gurbin da ganga ta fi zafi. Unguwar kuwa talauci da faɗan daba sun cinye ta. Sai kowane makaɗi ya tara yaransa: wannan ya ɗauki sifika, wancan ya ja waya, wani ya riƙe makirfo. Kafin 1979, lokacin da irin wannan waƙa ta fara cin kasuwa a faifan kamfani, da kaset take yaɗuwa, a ɗauka a wajen taro, a kwafa, a sayar hannu da hannu.

Akwai abin da ya kamata ɗalibin ilimi ya sani a nan. Da yawa daga mashahuran mawaƙan nan sun tasirantu da wata ƙungiya da Clarence 13X ya kafa a Harlem a 1964, bayan ya fita daga Nation of Islam. Mutumin nan ya kira kansa Allah, wa'iyazu billahi, ya kuma koyar da cewa baƙin mutum shi ne ubangiji. Saboda haka idan yaronmu ya ji sunan Allah a bakin mawaƙi ya ɗauka ɗan'uwa ne a aƙida, alhali kuwa mai yiwuwa shirka ce tsagwaronta yake haddacewa.

Hukuncin kiɗa ba ɓoyayye ba ne. Abdullahi ɗan Mas'ud ya fassara aya ta 6 ta Suratu Luƙman da waƙa, jumhurun malamai kuma sun tafi a kan hani, ko da yake Ibn Hazm ya saɓa musu. To amma ko shi bai halatta cakuɗuwar maza da mata da tozarta salla ba.

Sai dai ni abin da ya fi damuna daban ne. Kaset ɗin nan mu ma makaminmu ne. Bayan kafa Izala a Jos a 1978, da me da'awa ta shiga ƙauyuka in ba da kaset ba? Tafsirin Shaikh Abubakar Gumi, Allah Ya jiƙansa, a shagon tela da motar haya mutane suka ji shi. Kaset ya wuce, yanzu a waya ake tura komai, kuma masu turin samari ne 'yan unguwarmu.

Na taɓa tambayar wani yaro da ya bar Islamiyyarmu ya koma ɗaukar kayan DJ, me ya ja shi. Ya ce maigidansa ya san sunansa, yana ba shi na abinci, ya koya masa haɗa waya da gyaran sifika, ranar da ya yi rashin lafiya kuma har gida ya zo. Na yi shiru, domin wata uku ya yi ba ya zuwa makaranta ba wanda ya bi sawunsa, har da ni.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya: wasu bukukuwan a gidajenmu ake yi. Maigida ya ɗaura aure a kan sunna da hantsi, da yamma ya bar gida ya ce sha'anin mata ne.

Shawarata ga kwamitocin masallatanmu ita ce, sifikun da muke ajiyewa daga wa'azi zuwa wa'azi a danƙa su ga samari, a koya musu ɗaukar karatu da tace murya da tura shi a waya, a kuma yanka musu lada na kuɗi, ba addu'a kaɗai ba. Kowane malamin aji kuma ya riƙe rajista, yaron da ya yi fashin mako biyu a je gidansu.