Tara Ko Ɗauri Ga Mai Ƙetare Iyaka Da Hatsi?

Jama'a, yau zancenmu a kan dokar da ta hana fitar da abinci ƙasashen waje ne, da irin horon da ya cancanci wanda ya karya ta. Maganar ta shafi manomi da falke da akawun da ke rubuta takardar kaya, domin masarar da aka auna a Giwa ko Sabon Gari, ba wuya ka ji ta kwana a Jibiya, gobe tana Maraɗi.

A 1989, zamanin mulkin soja, Gwamnati ta kafa doka ta hana fitar da abu biyar: wake, rogo, masara, shinkafa da doya. Horon da aka yanka kuwa ɗaurin rai da rai ne. To, don Allah wane alƙali ne zai ɗaure mutum har mutuwarsa a kan buhun wake? Horo in ya fi ƙarfin laifi sai a ji nauyin zartar da shi, sai doka ta kwanta, daga nan wanda aka kama ya nemi hanyar sasantawa a bakin titi, Baitulmali bai sami ko kwabo ba.

Da naira ta faɗi a 2023 da 2024, sefa ta yi tsada, sai hatsinmu ya zama araha ga maƙwabta, motoci suka yi ta ɗiba. A farkon 2024 ma'aikatan kwastan suka tare manyan motoci da dama a kan iyakar Arewa. A watan Maris na shekarar Shugaban Ƙasa ya yi umurni a mayar wa masu kaya kayansu, bisa sharaɗin su sayar a kasuwannin gida. Sa'an nan a watan Disamba Majalisar Dattawa ta amince da wani ƙuduri: wanda ya fitar da ɗanyar masara daga tan ɗaya zuwa sama, watau buhu goma, ya biya tara daidai da kuɗin kayan, ko ɗaurin shekara ɗaya.

A ganina hanyar tara ita ce daidai. Riba ce ke kai falke iyaka, saboda haka a aljihu ya kamata a taɓa shi. In ya san buhu ɗari zai jawo masa asarar kuɗin buhu ɗari, zai yi lissafi tun bai yi lodi ba. Amma lalle a cika sharaɗi uku. Na farko, a bambanta mai tirela da talakan bakin iyaka da ya ɗora buhu ɗaya a jaki zai kai wa surukinsa. Na biyu, duk tarar da aka karɓa a ba da rasit, kuma mutum ya sami damar kai kuka gaban alƙali. Na uku, hatsin da aka kama kada a bar shi a rana har ƙwari su cinye, a yanke magana da wuri.

Sai dai kada Gwamnati ta manta, duk ƙofar da aka rufe, manomi ne ke fara jin zafinta. Da aka hana fitar da ɗanyen kaɗe a watan Agusta 2025, nan da nan farashinsa ya karye, matan ƙauye masu tsinta su suka kwana ciki. Manomin da ya sayi taki da tsada, in an hana shi mai saye na waje, ya kamata a saya daga hannunsa da daraja lokacin kaka, in ba haka ba baɗi zai rage gona, yunwar da ake gudu ta zo ta wata ƙofa. Maganin gaskiya shi ne a yawaita amfani: irin masara na SAMMAZ da ake fitarwa nan Samaru, da taki a kan kari.

Ku kuma fatake da direbobi, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ku yi lodi zuwa garin da ke kusa da iyaka, ku tambayi ofishin kwastan abin da aka hana, ku riƙe takardar da ta nuna inda kaya suka fito da inda za su, domin kamu yakan haɗa har da mota. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.