Gubar Da A Ke Kira Magani

Wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Tsafe a farkon damina, ko ya ratsa gonakin Bilbis da na Bungudu, ba zai rasa ganin samari goye da tankin feshi suna bin kunya-kunya ba. Abin da ke cikin tankin nan sunansa maganin ciyawa, a wurin sunan kuwa ɓarnar ta fara. Bahaushe ya san magani da warkarwa, shi ya sa ba ya jin tsoronsa. Alhali abin nan guba ce da aka haɗa musamman don kisa. Ciyawa a ke nufi da ita, amma ita ba ta san wannan ba.

Ba a ga laifin manomi don ya rungume ta ba. Gayya ta ja baya, kuɗin ƙwadago ya yi tsada, ga kuma rashin tsaro da ya sa mutum ba ya son daɗewa a gonar da ke nesa da gari. Noman da zai ci mutum biyar kwana uku, yaro ɗaya ya kan gama shi da tanki kafin azahar. Mai cewa a watsar da feshi a koma ga fartanya kaɗai, lalle bai taɓa kai maimai da hannunsa ba. Gardamar tana kan abin da ke biyo hatsi har cikin tukunya.

Masu sayarwa su kan ce ai hukuma ta yarda, saboda haka babu illa. Wannan rabin gaskiya ne. Tun 1963 akwai wata hukuma ta duniya mai suna Codex, wadda ke yanka iyakar ragowar guba da a ke iya bari cikin abinci. To, amma iyakar nan an yanka ta ne bisa zaton manomi ya auna daidai yadda aka rubuta a jikin kwalba, ya yi feshi a kan kari, ya kuma jira kwanakin da aka ce kafin girbi. Wanda ya auna da gwangwanin madara, ya ƙara kaɗan wai don ya fi ci, ya riga ya fita daga wancan lissafi, lafiyar da a ke faɗi kuwa ba tasa ba ce.

Gubar nan iri-iri ce, kowace da halinta. Farakwat, wadda manoma suka sani da sunan Gramoxone, ƙona ganye ta ke yi nan take. Kurɓi ɗaya na iya kashe babban mutum, domin huhu ta ke lalatawa, ba ta kuwa da makari. Ƙasashen Tarayyar Turai sun daina amfani da ita tun 2007. Atirazin, wadda a ke zuba wa gonar masara da dawa, tana daɗewa a ƙasa, ruwan sama ya bi da ita har cikin rijiya, don haka ne Turai ta janye izininta a 2004. A Nijeriya ma hukumar NAFDAC ta ba da sanarwa a 2023 cewa an hana farakwat daga 1 ga Janairu 2024, atirazin kuma daga 1 ga Janairu 2025. Duk wanda ya miƙa wa manomi ɗayansu yau, abin da aka hana ya ke sayar masa, kome daɗin bakinsa.

Ta ukun ita ce gilifoset, wadda kamfanin Monsanto na Amurka ya fito da ita a 1974 da sunan Roundup. A kanta masana suka rabu. Cikin 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon a Faransa, ta ce mai yiwuwa ne ƙwarai tana jawo ciwon daji. Shekara guda bayan haka wani kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ɗan abin da ke shiga ciki ta hanyar abinci da wuya ya kai ga haka. Mai karatu ya lura, maganar biyu ba ta ƙaryata ta farko sarai ba: ɗaya ƙarfin gubar ta duba, ɗaya kuwa yawan abin da mutum ke ci. Ko da Turai ta sabunta izininta na shekara 10 a 2023, sai da ta hana a fesa ta a kan amfanin gona don ya bushe da wuri. Dalili kuwa a fili ya ke. Gilifoset ratsa jikin shuka ta ke yi, in aka fesa dab da girbi sai ta kai cikin ƙwaya, inda wanki da surfe ba su iya cire ta duka. Manomin da ya yi wa wakensa haka don ya riga maƙwabta kai shi kasuwa, ya ci riba da cikin 'ya'yan wani.

Akwai kuma wata hanya. A ƙasar Zamfara miya daga gona ta ke fitowa. Mata da yara su kan tsinko tafasa da lalo da gasaya a gefen gona, abin da tankin feshi ya ɗauka ciyawa ne. Gilifoset kuwa ta kan yi kwanaki kafin ganye ya nuna alama, har a tsinke shi kore shar, a yi kwaɗo, a ci. Haka nan ciyawar da a ke yanko wa awaki. Sa'an nan ga kwalbar da ta ƙare, wadda a ke ɗauraye wa a zuba man gyaɗa ko ruwan sha na gona, ga kuma mai wanke tanki a bakin tafkin da gari ke ɗiba.

Mutanen Zamfara ba baƙi ba ne ga gubar da ido ba ya gani. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da a ke niƙa wa cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum, ba a kuwa gane ba sai da kaburbura suka yi yawa. Ragowar maganin ciyawa ba ta kisa irin wannan, sannu ta ke bi, wannan ne ma ya sa ba mai ƙirga ta.

Ba a ce kowane kwanon wake a kasuwar Tsafe da guba ciki ba. Abin da a ke cewa shi ne mai saye ba shi da hanyar rarrabewa, wannan kuwa nauyin hukuma ne: a riƙa ɗibar hatsi daga kasuwanni a gwada, a faɗi sakamakon da Hausa a rediyo, a tilasta wa kamfanoni su rubuta bayanin kwalba da Hausa, boko da ajami, a kuma ƙara yawan malaman gona. Kafin a kai can, wanda ya yi yaƙi da jahilci yana da abin yi. Ko Turancin ya gagare shi, zai iya duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ya karanta adadin awo, ya kuma san launin da ke gindin takarda: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Gonar da aka fesa a kafa mata alama don masu tsinkar ganye, kwalba kuwa in ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan cikin tanki, a huda gindinta da ƙusa.